Dakalin da Mai Guduma Ya Ƙi Takawa

Ranar Alhamis da ƙarfe uku na rana na buɗe kwamfuta na tarar hotuna biyu na ƙarshe baƙi ƙirin ne. Na ƙarfe goma sha biyu lafiya lau, na ƙarfe ɗaya duhu, na ƙarfe biyu duhu. Na haura tudu da gudu, abin da ban yi ba tun ina makaranta.

An ɗaure wa kyamarata buhu a ka. Fuskar dutsen kuwa, wadda na kwana arba'in ina kallo fiye da fuskar mijina, an farfashe ta da guduma.

Sai na faɗi aikina kafin a gane girman ɓarnar. Tudun da ke bayan layin shagunan nan dutsen laka ne mai falle-falle, kamar an jera takardu an danne. Wata biyu da suka wuce ya tsage daga sama, hukuma ta kwashe shaguna goma sha ɗaya da ke gindinsa, aka kira ofishinmu mu duba ko tsagar tana ƙaruwa. Yadda muke yi shi ne a shafa farin fenti a wurin da tsagar ta ratsa, ni kuma in fesa masa baƙaƙen ɗige-ɗige dubbai. Kyamara tana ɗaukar hoto duk awa, kwamfuta tana gwada na yau da na jiya. In ɗigo ya gusa ko da kaurin gashi ne, wurin zai yi ja a allo. Shi ya sa kowa a layin ke kirana Mai Ɗigo.

Kwana arba'in allona yana shuɗi. Ranar Laraba na sa hannu a takarda cewa tsaga ta tsaya, mutane suna iya komawa shagunansu ranar Litinin. Na sa hannun da alfahari, har da jan layi a ƙasa.

Kafin la'asar masu shaguna sun cika gindin tudu. Mai walda, wanda ya naɗa kansa kakakin layi, yana cewa mu muka fasa da kanmu don aiki kada ya ƙare. Mai gadin da ke tsare mana kayan aiki yana nuna mai walda da haɓa. Mata suna cewa mai gadi ne, tun da shi kaɗai ke wurin. Tsagar da ke bayan fentin yanzu ta fito fili, ɗan yatsana yana shiga, kowa ya ce ai guduma ce ta buɗe ta.

Injiniya, wato ogana, ya ja ni gefe. "Kada ki damu. Hotunan kwana arba'in sun isa hujja. Jibi da rana zan miƙa takarda, Litinin su koma."

Ya kamata in ji daɗi. Amma ban ji ba.

*

Babana ya yi shekara talatin yana bin sawun shanun sata, daga baya na maharba a gandun daji. Yanzu yana zaune a ɗakin da ke kusa da ƙofar gidanmu, yana gyaran rediyoyin da ba wanda ya roƙe shi ya gyara. Tun da na fara wannan aiki yake tsokanata.

"Ni na bi abin da ke gudu," yakan ce, "ke an tura ki makaranta shekara shida ki bi abin da ke zaune."

Da na ba shi labari bai yi dariya ba. Ya ajiye sukudireba ya ce, "Buhun, jefa shi aka yi ko ɗaure shi aka yi?"

"Ɗaurewa, Baba. Da ƙyar na kwance."

"Gilashin ya fashe?"

"Ko ƙwarzane babu."

Ya jawo takalmansa daga ƙarƙashin gado ya kakkaɓe su. Mamana ta leƙo ta ce gwiwar fa, ya ce gwiwar ma ta gaji da zama.

*

Da sassafe muka isa. Mutum fiye da talatin sun tattake wurin jiya, na ce masa ba abin da ya rage. Ya ce in yi shiru in riƙe masa ruwa.

Hanyar hawa ɗaya ce, tana bi ta kan wani faffaɗan dutse da ya turo kai daga jikin tudun, muna kiransa dakali. A kansa muke tsayawa mu yi aiki, a kansa mai gadi ke shan shayi. Baba bai hau ba. Ya tsaya ƙasa yana kallon gefe, inda ƙaya da tsakuwa suke, inda mai hankali ba zai bi ba. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya bi ta cikin ƙayar da gwiwarsa mai ciwo, yana nuna mini da sanda: nan tsakuwa ta juya cikinta sama, nan reshe ya karye bai gama bushewa ba, nan an dafa da hannu.

"Ya hau ta nan, ya sauka ta nan. Da zai sauka yana ɗauke da kaya, dubi yadda dunduniya ta nutse."

"Don kada a gan shi ne."

"A nan ɗin ai an fi ganinsa daga titi."

A fuskar dutsen ya sa tabarau ya bi gurbin guduma ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa cikin tsagar, ya zura tsinke ya jawo yanar gizo-gizo mai ƙura, da busassun ƙudaje biyu a maƙale.

"Gudumar jiya ce ta saƙa wannan?"

Ya dubi ƙasa. "Ina ɓaraguzan? An fasa wuri mai faɗin tabarma, ina abin da ya zubo?"

Sai a lokacin na lura. Wurin a share yake tas. Na yi kwana ɗaya ina kuka a kan ɓarna ban ga cewa mai ɓarnar ya yi shara ba. Baba ya koma cikin ƙayar ya yi ta tone-tone, ya tsinci wani abu ya jefa a aljihu. Na tambaye shi, ya ce ƙwaro ne.

*

Mai gadi ya rantse minti ashirin kawai ya yi wajen sayen abinci. Baba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya zagaya da shi bayan kwantenar da muke ajiye kaya. A cikin yashi ga shimfiɗar mutum, ga gurbin kafaɗa, ga inda ƙafa ta yi ta shure-shure.

"Inuwar nan ba ta zuwa nan sai rana ta take," in ji Baba. "Kuma wanda ya kwanta ya juya sau uku. Barcin minti ashirin ba a juyi uku."

Mai gadi ya sosa ƙeya. "Baba, don Allah kada Oga ya ji."

"Ni ba barci na zo kamawa ba. Da ka farka me ka ji?"

"Kamar ana share ƙasa. Na ɗauka mafarki ne."

Mai walda ya fi wuya. An ga sawun takalminsa a gindin sandar kyamara, takalmi mai ƙunar tartsatsi da duk layi ya sani, kuma kowa ya ji shi yana cewa wata rana sai ya yi wa kyamarar nan walda a ido. Muka same shi a ƙarƙashin bishiyar da yake aiki tun da aka rufe shagonsa.

"Dattijo, in kama ni ka zo yi, ga hannu. Wata biyu ina walda a rana kamar mahaukaci. Amma wallahi in na gano wanda ya yi, hannun da ya riƙe gudumar zan karya."

"Ka hau wurin ranar Laraba da safe," in ji Baba.

Ya yi turus. "Wa ya gaya maka?"

"Raɓa ta sauka a kan sawunka, tururuwa ta yi hanya ta ciki. Me ka je yi?"

"Zaginta na je yi."

"Kyamarar?"

"To wa zan zaga? Injiniya ba ya ɗaga waya."

Baba ya yi dariya har da tari. A hanya ya ce mini mutumin nan in zai fasa abu, da tsakar kasuwa zai fasa, ya kira shaidu.

Birkila, wato maginin da ke taya mu aiki, muka gani a ƙarshe, yana taya matarsa goge keken ɗinkinta a tsakar gida, ana shirin komawa. Shagonta ne na uku a layi, daidai ƙarƙashin dakali. Shi ya gyara mini fuskar dutsen tun farko. Kwana biyu na yi ina mita cewa wurin ya cika gargada, ɗigo ba ya zama, sai ya ce in bar masa. Da na dawo na tarar ya yi sumul, har ya shafa farin fentin. Na yabe shi a gaban kowa, na ce ban taɓa samun fuskar aiki irin wannan ba. Yau ma shi ya kawo wa Baba kujera da ruwa, ya ce ranar Alhamis yana wani gini a bayan gari. Baba bai tambaye shi komai ba sai yadda ake gane yaɓe mai kyau.

"Ƙwanƙwasawa ake yi, Baba. In ya kama, muryarsa a cike take."

"In bai kama ba fa?"

Birkila ya dubi keken matarsa. "Sai ka ji kamar ganga."

*

A ofis Baba ya ce in nuna masa hotunan. Na buɗe masa shuɗin allona ina bayani da manyan kalmomi.

"Wannan akwatin da kika zana fa?"

"Nan ne kwamfuta ke dubawa. Inda ɗige-ɗigen suke."

"Wajen akwatin kuma?"

"Ba komai. Dutse ne kawai."

"Nuna mini ba komai ɗin."

Na buɗe hotunan gaba ɗayansu, na ƙarfe goma sha biyu na kowace rana. Ya matso da kujera, hancinsa kusan a jikin gilashi, yana cewa wuce, wuce, koma. Awa biyu muna haka. Na ji yunwa, na ji haushi, na fara tunanin tsufa ya kama shi. Sai ya ɗora farcensa a kusurwar sama, can inda fenti bai kai ba.

"Kashin ƙadangare. Kin ga farin kansa? Ga kuma wata farar jijiya a jikin dutse, a ɗaya gefen tsagar. Ranar farko farcena yana rufe su biyun. Koma ta ƙarshe."

Na koma. Farcensa bai rufe su ba.

Na ja akwatin daga kan ɗige-ɗigena masu kyau na kai shi kusurwar, na ce wa kwamfuta ta bi tabon da Allah ya yi wa dutsen da kansa. Ta yi minti shida tana lissafi. Allon ya yi ja, jan da ban taɓa gani ba a wajen littafi. Milimita tara a kwana arba'in, kuma fiye da rabi a kwana goman ƙarshe. Dakalin gaba ɗaya yana sulalowa, yana ƙara sauri.

Tsoro ya kama ni, kunya ta fi shi. Na dubi tsohon nan da bai san inda ake kunna kwamfuta ba, na ji kamar in durƙusa.

Na kira Injiniya. Ya zo ya duba ya girgiza kai. "Ɗigo dubu ashirin sun ce bai motsa ba, kashin ƙadangare ɗaya ya ce ya motsa. Wanne zan kai wa hukuma? Ki gaya mini dalilin da ɗigonki bai gusa ba, in janye. In ba haka ba, gobe sha biyu takarda ta tafi."

Baba ya ce a tara masa kowa gobe da ƙarfe tara, a gindin hanyar hawa.

*

Suka zo: Injiniya da jakarsa, mai gadi, mai walda, birkila da matarsa, da sauran masu shaguna. Baba ya tsaya a bakin dakali ya dogara da sanda.

"Wanda ya yi aikin nan ba ya ƙin kyamara," ya fara. "Ya rufe ta yadda ake rufe abin da ake tausayi, don kada tsakuwa ta same ta. Gudumarsa ba ta taɓa dutse ko sau ɗaya ba, iyakar fenti ta bi, layi-layi. Ya gama ya share, ya kwashe a buhu. Ban taɓa bin sawun mai ɓarna mai ladabi irinsa ba."

"Faɗi sunansa kawai," in ji mai walda.

"Sai kun gani da idonku. Ku hau dakalin nan dukanku, daga nan ake gani. Ku ashirin ne, zai ɗauke ku. Mata su fara. Ke mai ɗinki, bismillah."

Na buɗe baki, Baba ya harare ni. Matar birkila ta gyara zaninta ta taka mataki ɗaya, ta taka na biyu, sauran mata suna biye.

"Kada ki hau!"

Birkila ne. Ya ture mutum biyu ya fizgo hannun matarsa har ta kusa faɗuwa. "Kada kowa ya hau! Dutsen nan a sake yake!"

Sai a lokacin na ga sandar Baba. Tun ɗazu ya gicciya ta a bakin hanyar, ƙarshenta a soke cikin dutse. Ko mage ba za ta wuce ba.

"Shi ke nan," in ji Baba a hankali. "Duk garin nan mutum ɗaya ne ke tsoron dakalin nan tun kafin jiya. Ya gwammace ya bi ta ƙaya da buhu a kai."

Ya ciro abin da ya ce mini ƙwaro ne ya sa a tafina. Ɓalli ne, ɗan guntun da guduma ta ɓalle, kamar ƙwandala, fari da ɗige-ɗigena a kai.

"Juya shi, 'yar nan."

Na juya. Bayansa ba falle-fallen dutse ba ne. Siminti ne da aka rina da garin dutse, da ɗan guntun ragar waya a ciki.

Birkila ya zauna a ƙasa. "Ranki ya daɗe, kin ce ɗigo ba ya zama. Na kankare, na goge, dutsen sai ɓarewa yake. Sai na yi masa yaɓe siriri, na sa raga don ya yi ƙarko, na ja layin tsagar a kai da bakin cokalin gini yadda take. Na ɗauka gyara na yi. Da kika yabe ni a gaban mutane, bakina ya mutu." Ya share fuska. "Sati biyu da suka wuce na ƙwanƙwasa, na ji ganga. Yaɓen ya saki gefe ɗaya, yana tsaye lafiya, dutse yana tafiya a bayansa. Na ce wa Oga dutsen nan yana motsi, ya ce kwamfuta ta ce a'a."

Injiniya ya dubi takalmansa.

"Me ya hana ka faɗi gaskiya?" na tambaye shi.

"Tsoro. Na ce in na fasa, dole ku sake sabon fenti, ku gani da kanku, ba wanda ya san ni ne. Sai na ji wai duk da haka Litinin za a koma." Ya nuna matarsa ba tare da ya dube ta ba. "A ƙarƙashinsa take zama. Da 'yarmu a kan tabarma."

Mai walda ya matso, mutane suka dare. Na tuna alkawarinsa na karya hannu. Baba bai motsa ba, ya dai ce, "Ga hannun nan. Shi ya rufe tsagar, shi ya buɗe ta. Sai ka zaɓi wanda za ka karya."

Mai walda ya tsaya yana huci. Ya ɗaga kai ya dubi dakalin, ya sauke ya dubi rufin shagonsa, na huɗu a layi. Sannan ya ce, "Kai dai wawa ne, wallahi," ya miƙa hannu ya ɗaga shi tsaye.

Na juya wajen Injiniya na ce ya ba ni takardata. Bai yi musu ba. Na soke sa hannuna a gaban kowa, da layin da na ja a ƙasa, na ce laifin birkila rabi ne. Ni na nemi fuska mai sumul, na samu, ban taɓa sa hannu na ƙwanƙwasa ta ba.

*

Ba a koma ranar Litinin ba. Masu shaguna sun zage ni son ransu, wasu har gida. Kwana tara bayan haka aka yi ruwan sama na awa ɗaya da hantsi, ana ɗaukewa dakali ya sauko. Shago na uku da na huɗu ba a ga ko ƙofarsu ba. Lokacin mai ɗinki tana tsakar gidanta tana sa wa rigar wani maɓalli, 'yarta tana barci a gefenta.

Na biya ta gidanmu da yamma na tarar da Baba da rediyo a cinya. Na tsaya a ƙofa na rasa ta inda zan fara gode masa.

"An ce abin naki da ke zaune ya tashi," ya ce, bai ɗago ba.

"Ya tashi, Baba."

"Ya taka wani?"

"Ko ɗaya."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da juya sukudireba. Can ya miƙo hannu, na ɗauka ruwa yake so. Ɓallin yake nema. Ya ƙwanƙwasa shi a jikin gado, ya saurara, ya mayar mini a tafi, simintin yana sama.

"Haka za ki ajiye shi a teburinki," ya ce. "Ɗigon ai kin riga kin gani."